Fad ɗin birkin keken hawa dutse: rezin zan saka ko na ƙarfe?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayar taka dai in na fahimta daidai ita ce, ka sayi keken hawa dutse na hannu mai birkin faifai, na mai ba na waya ba, a jikin kalifar, wato ƙarfen da ke matse faifan, an rubuta Shimano MT200, kana fita da shi duwatsun wajen Jos ƙarshen mako, yanzu birkin baya ya fara kuka kuma ba ya kamawa kamar da, mai sayar da kayan keke yace ka canza fad, wato abin da ke gogar faifan ya tsayar da keke, ka sayi na ƙarfe wai ya fi ƙarko, kai kuma kana so kaji ta bakin wani kafin ka fitar da kuɗinka.

Toh kar ka sayi na ƙarfen nan tukuna. Mutumin bai yi maka ƙarya ba, na ƙarfe ya fi daɗewa kam, amma ba daɗewa kaɗai ake dubawa ba, kuma irin birkin da kake da shi mafi yawanci faifan da yake zuwa da shi ba ya ɗaukar na ƙarfe. Ka durƙusa ka goge faifan da tsumma mai tsabta ka karanta rubutun da ke jikinsa. In kaga an buga Resin Pad Only, wato fad na rezin kaɗai, to magana ta ƙare, rezin zaka saka. Faifan Shimano masu lamba RT10, RT26, RT30, RT54 da RT56 duk haka suke, kuma irinsu ake haɗawa da MT200 tun daga kamfani. Ƙarfensu bai yi taurin da zai jure fad na ƙarfe ba, in ka matsa ka saka to faifan ne zai biya bashin, zakaga wurin da fad ke gogawa ya zurma yayi kwari, ƙarar kuma sai ta fi wadda kake ji yanzu. Kaga ka tsira da kuɗin fad ka faɗa na faifai.

Sai kuma maganar siffa, wadda ita ya kamata mutum ya fara da ita ma kafin ya shiga gardamar rezin da ƙarfe. Fad ba kamar robar birkin tsohon keke bane da ko wace ka samu zata shiga, kowace kalifa da irin nata. MT200 tana cin wanda Shimano ke kira B01S, daga baya suka fito da B03S sannan B05S, duk siffarsu ɗaya kuma duk rezin ne, wanda ka samu a ciki ya yi. Sa'ar da kayi ita ce wannan siffar tafi kowace yawa a kasuwa, domin tsofaffin Shimano irin su M315, M355, M395, M446 duk ita suke ci, har da birkin Tektro da yawa irin su Auriga da Draco. Masu birkin Shimano Deore, SLX da XT mai fistin biyu (fistin shine abin da ke turo fad ya kama faifai) nasu daban ne, lambarsu tana farawa da G ko J. Masu fistin huɗu kuma D, H ko N. Birkin kamfanin SRAM ma haka, na Level mai fistin biyu ba ya shiga Guide, na Guide ba ya shiga Code. Don haka abin da nake gaya wa kowa shine ka ciro tsohon ka sa a aljihu ka tafi da shi shago, ka ɗora shi kan sabon ka duba kunnen da fin mai riƙe fad ke ratsawa da faɗinsa da tsayinsa. Kar ka yarda da "ai zai shiga, sai dai a ɗan goge gefe". Birki ne fa.

Yanzu bari in yi maka bayanin bambancin da kyau, don ko gaba ka canza keke ka san abin da kake zaɓa.

Rezin, wanda wasu kamfanoni ke kira oganik, zaruruwa ne da roba da wasu garin abubuwa aka cuɗa aka ɗaure da danƙo aka manna a bayan ƙarfe. Yana da ɗan laushi, shi yasa ba ya yawan kuka, kuma yana kamawa tun daga taɓawar farko ko da birkin bai ɗau zafi ba, sannan a hannu zaka ji kana iya auna shi, kaɗan kaɗan, ba wai ko dai babu ko dai taya ta ƙulle ba. A kan dutse mai tsakuwa wannan ba ƙaramin abu bane, don da zarar tayar gaba ta ƙulle a kwana sai dai wani labarin. Kuma ba ya cin faifai sosai, ba ya tura zafi zuwa cikin kalifa. Rauninsa biyu ne. Na farko ruwa da laka, laka mai yashi tana cinye shi da saurin da zai baka mamaki, fad ɗin da zai yi maka watanni a rani yana iya ƙarewa a 'yan fita kaɗan cikin damina. Na biyu zafi mai tsawo, in ka riƙe birki tun daga saman gangara har ƙasa baka saki ba danƙon nan yana soyuwa, fuskar fad ɗin tayi santsi tana ƙyalli, sai kaji kana matsa hannun birki da ƙarfi, hannun yana da tauri yadda ya saba, amma keken tafiya kawai yake.

Na ƙarfe kuma garin ƙarfe ne, yawanci da tagulla a ciki, aka matse da zafi mai tsanani har ya haɗe ya zama abu ɗaya, babu danƙon da zai ƙone. Shi yasa zafi bai dame shi ba, ruwa da laka ma haka, kuma yana daɗewa. Amma yana da surutu musamman in ya jiƙe, da sanyin safiya kafin ya ɗumama ba ya kamawa da kyau kamar rezin, yana cin faifai, sannan zafin da yake jurewa ba ɓacewa yake ba, ratsawa yake ta bayansa ya shiga fistin ya kai ga man birki. Manyan birki an gina su da sanin haka. Ƙaramin birki irin naka ba a yi shi don wannan aikin ba, Shimano da kansu rezin suka rubuta masa, duk da akwai wasu kamfanoni da ke yin na ƙarfe a siffar.

Akwai na uku, ruwa biyu, wato rezin da aka zuba wa garin ƙarfe. A takarda yana da daɗin ji, wai ya ɗebo nan ya ɗebo can, amma sunan ba shi da ma'auni ɗaya, na wannan kamfanin kusan rezin ne na wancan kusan ƙarfe ne, sai ka gwada kake sani. Ni dai a faifan da aka rubuta rezin kaɗai ba na sa shi.

To mu dawo kan inda kake hawa. Kusan rabin shekara ƙasa a bushe take, ƙurar hunturu ce kawai, kuma busasshiyar ƙura ba ta cin fad kamar yadda laka ke ci, rezin lafiya lau yake a wannan yanayin. Gangaren da galibi ake samu a wajen kuma gajeru ne masu tsini, ka sauka ka sake hawa, birki yana samun sararin hucewa a tsakani, ba irin na tsaunukan Alps na Turai bane da mutum zai yi ta gangarowa ba tsayawa har faifai ya canza launi. Damina ce matsalar, daga wajen Yuni zuwa Satumba in kana shiga jar lakar nan to ka sa a ranka zaka canza fad fiye da sau ɗaya, musamman na baya don shi yafi shan feshin taya kuma shi mutane suka fi ja. Maganin wannan mai sauƙi ne, ka sayi biyu ka ajiye ɗaya a jakar kayan gyara. Fad ɗin B ba shi da tsada in ka kwatanta da faifai.

Sai dai ni zargina ma ba irin fad bane matsalarka. Kuka tare da rashin kamawa a lokaci guda, a birkin baya, wannan mafi yawan lokuta mai ne ya taɓa fad ɗin. Birkin baya yana maƙwabtaka da sarƙa, duk wanda ya fesa mai a sarƙa ko ya ɗiga baƙin mai yana juya feda to wani abu zai kai ga faifai, haka masu wankin mota da ke shafa abin sa taya ƙyalli, haka mai gyaran da ya kama faifan da hannun da ya gama cusa giris. Ka cire tayar, ka miƙar da ƙafar fin ɗin da filaya ka zare shi, ka turo fad ɗin biyu da sifirin ɗinsu waje ka kalle su a rana. Lafiyayyen fad fuskarsa a bushe take, toka-toka, ba ƙyalli. Wanda ya sha mai zakaga yayi baƙi ƙirin yana maiƙo, in ka goga shi a farar takarda sai ya bar baƙin shafi mai danƙo, faifan ma in ka shafa farin tsumma haka zai fito. Daga nan ka juya bayan fad ɗin, wurin da fistin ke dannawa. In kaga zobe mai danshi a wurin, ko ka leƙa cikin kalifa kaga ƙura ta manne ta jiƙe a gefen fistin, to ba daga waje man ya zo ba, kalifar ce ke yoyo, kuma ko fad goma ka saka haka zasu lalace ɗaya bayan ɗaya. A keken hannu da ya daɗe a ajiye ana yawan samun wannan. A MT200 ba a wahalar da kai da gyaran roba, kalifar ake canzawa gaba ɗaya.

In ya sha mai a jefar da shi kawai. Na san za a ce maka a ƙona shi a wuta ko a dafa ko a wanke da fetur, wasu ma har kananzir. Fad ɗin rezin yana shan mai ne kamar yadda takarda ke shan man ƙosai, ya riga ya shige ciki, kana goge sama zai yi kamar ya gyaru, da ya ɗau zafi sai na cikin ya sake tasowa. Ƙonawar kuma tana iya raunana mannin da ya riƙe shi da bayan ƙarfen, ranar da zai ɓalle kuwa ba a tsakar gida zai ɓalle ba. Faifan shi ana iya ceto shi, a wanke da sifirit mai ƙarfi na kemis, irin wanda ba a haɗa da turare ko mai ba, da tsumma sabo, a maimaita har tsumman ya daina baƙi. Kar ka saka sabon fad kafin kayi wannan.

In kuma ba mai bane, ƙyalli kawai yake don ya soyu, shi wannan yana gyaruwa. Ka shimfiɗa samfefa mai laushi a kan abu mai lebur, ka kifa fad ɗin ka ɗan murza har ƙyallin ya tafi, shikenan. Amma ka duba kaurinsa tukuna. Shimano sun ce a canza in naman fad ɗin ya kai milimita 0.5, ni ina ganin da ya sauka ƙasa da milimita 1 ka fara shirin canzawa, don daga nan sifirin ne zai fara taɓa faifai. Faifan ma yana da iyaka, na Shimano sabo milimita 1.8 ne kuma in ya kai 1.5 ya gama aiki, an ma rubuta a jikinsa. In ka sa farce kaji tudu a inda gogar fad ta tsaya to a auna shi.

Idan bayan duk wannan kaji ƙarfin birkin bai ishe ka ba, wataƙila kana da jiki ko kana ɗaukar kaya, to hanyar da tafi araha ba canza irin fad bace, ƙara girman faifai ne. Daga 160 zuwa 180 kana samun ƙarin ƙarfin tsayawa kusan kashi 12 cikin ɗari, ga kuma ƙarin fili da zafi zai bazu. Adafta kawai zaka saya da faifan, ka tabbatar ka san ko naka mai noti shida ne ko Center Lock, wato mai zobe ɗaya da ake ɗaurewa a tsakiya, sannan ka duba iyakar girman da shokin gaba ya yarda da shi. A gaba zaka fara sawa don birkin gaba shine ke yin mafi yawan aikin tsayar da keke a gangara, duk da mutanenmu tsoronsa suke. Wannan tsoron ma yana cikin abin da ke kashe fad ɗin baya, mutum zai riƙe na baya shi kaɗai tun daga sama yana jansa har ya soyu. Ka koyi matsa biyun tare, ka rage gudu sosai kafin kwana sannan ka saki, ya fi ka riƙe kaɗan kaɗan ba saki.

In kuma ka dage sai na ƙarfe, misali ka zama mai hawa cikin laka kullum, to ayi abin gaba ɗaya. Faifai irin RT64 ko RT66 yana ɗaukar ƙarfe, amma layin da fad ke gogawa a jikinsu ya fi siriri, an yi su ne don kalifar da fad ɗinta siriri ne, fad ɗin B kuwa mai faɗi ne. Don haka hanyar da ta dace ita ce ka koma kalifa irin MT420 ko Deore M6120 masu fistin huɗu, su suna cin D03S na rezin da D02S na ƙarfe, ka haɗa da faifan da ya dace. Kaga lissafin ya wuce "a bani fad mai ƙarko". Masu irin wannan birkin da yawa suna sa ƙarfe a baya rezin a gaba, ba laifi bane. Abin da ba a so shine ka riƙa sauya iri a faifai ɗaya ba tare da ka goge shi ba, domin kowane fad yana barin nasa shafin a jikin faifai kuma na wannan ba ya jituwa da na wancan. Fad mai fiffike da zaka gani a manyan Shimano, irin J da H da N, fiffiken don fitar da zafi ne, yana aiki amma babu shi a siffar B, kar ka ɓata lokacin nema.

Maganar jabu kuma dole in taɓo ta. Fad ɗin Shimano yana cikin kayan keken da aka fi kwaikwaya, kwali iri ɗaya rubutu iri ɗaya, musamman a kasuwannin intanet. In farashin yayi arha fiye da hankali to ka san dalili. Ni gara ka sayi na wani kamfani mai sunansa na gaskiya, irin Tektro ko Jagwire ko Kool-Stop ko SwissStop ko Galfer, da ka sayi na ƙarya mai sunan Shimano. Marasa suna da ake sayarwa huɗu huɗu a leda wasu suna aiki wasu kuma kamar ka sa katako, don zagayen gari ba komai, don gangaren dutse ban baka shawara ba. Ka duba gefen da naman ya haɗu da bayan ƙarfe, in kaga rata ko manni ya zubo ko naman ya karkace ka ajiye musu kayansu.

Wajen sakawa, kafin ka cire tsofaffin ka zura abin cire taya na roba tsakaninsu ka tura fistin su koma ciki a hankali, in ba haka ba sabbin ba zasu bar wa faifai wuri ba. Kar ka sa sukundireba kai tsaye a kan fistin, manyan Shimano ma nasu na tangaran ne yana fashewa. Kar ka matsa hannun birki alhali taya na waje. Kar ka taɓa fuskar sabon fad da yatsa. Ka sa sabon sifirin da ya zo a kwalin, ka mayar da fin ka lanƙwasa ƙafarsa, wannan kar ka manta da shi dan Allah. In faifai na gogar gefe ɗaya ka sassauta notin kalifa biyun da alanki mai lamba 5, ka matse hannun birki ka riƙe, ka ɗaure su a hakan.

Sannan abin da kusan kowa ke tsallakewa, shine kuma yake sa a dawo ana cewa sabon fad ba shi da kyau: sai an horar da shi kafin a hau dutse. Ka samu titi mai lebur ba cunkoso, ka zauna kan sirdi ka ɗau matsakaicin gudu, ka matsa birki ɗaya da ƙarfi daidai har ka dawo gudun mai tafiya a ƙasa, ka saki kafin keken ya tsaya cak kuma kar taya ta ƙulle. Kayi haka kamar sau 20, sannan ka ƙara gudu kayi wajen sau 10, kowane birki daban. Abin da ke faruwa shine fad ɗin yana shafa siririn kansa a jikin faifai ko'ina daidai, kuma wannan shafin ne ke kawo kamun, zakaji da hannunka yana ƙaruwa tun kafin ka gama. In ka tsaya cak da zafinsa sai ya tara a wuri ɗaya, daga nan ake samun karkarwa da kuka.

Abu na ƙarshe tunda keken zai je hannun mai gyara. In yace zai ƙara maka man birki ka tsaya kaga kwalbar. Shimano da Tektro da Magura man minaral suke sha, man birkin mota kuwa DOT ne, in aka zuba shi a MT200 robobin ciki zasu kumbura su lalace, hannu da kalifa duka sai an canza. Kuma ƙarewar fad ba ta nufin mai ya ragu, in aka cika mai alhali tsohon fad na ciki to ranar saka sabo fistin ba zasu koma ba. Don haka ka fara duba rubutun faifan da bayan fad ɗin, in babu yoyo ka nemo B05S ko B03S guda biyu da kwalbar sifirit, in akwai yoyo ka haɗa da kalifa.